Amsa ga malamar da ɗalibanta za su shiga gasar fosta a taron malaman bayoloji

Wa alaikumus salam ƙanwata Malama. Na ga tambayarki tun shekaranjiya, sai yau Allah ya bani sararin zama in amsa miki da kyau don ba tambayar layi biyu bace. Kince kina koyar da bayoloji a wata sakandare nan Kumasi, yaranki uku 'yan aji biyu suna so su shiga gasar fosta a taron malaman bayoloji, amma lab ɗinku maikiroskof biyu ne kacal ɗaya ma ya lalace, kuɗi babu, kuma kina tsoron kar su je su tsaya gefen yaran manyan makarantu su ji kunya. Kina tambaya wane bincike za su yi, kuma me alƙalai suke dubawa.

Toh bari in fara da tsoron naki don shi ya fi damuna. Na daɗe ina koyar da bayoloji kuma an sha zaunar dani cikin masu bada maki a irin wannan gasa, wallahi ban taɓa ba fosta maki saboda tsadar na'urar da aka yi aiki da ita ba. Abinda nake nema idan na tsaya gaban yaro abu ɗaya ne, shin wannan aikin nashi ne, ya san tambayar da ya yi, ya san yadda ya nemo amsar, ya san inda amsar ta tsaya? In ya sani, ko da kwalaben jam ya yi aikin zai ci maki. In bai sani ba ko a babbar cibiyar binciken lafiya ta Noguchi can Legon aka yi masa aikin, minti biyu ya isa in gane.

Akwai wani yaro da har yanzu ina tuna shi. Fostarsa ta fi ta kowa kyau a layin, kala mai sheƙi, taken ma dogo da sunayen sinadarai. Na nuna masa giraf ɗin tsakiya nace ɗana, wannan lambobin na gefen hagu me suke aunawa? Sai ya juya yana neman malaminsa da ido. Na sake tambaya a hankali don kar ya ruɗe, sai ya fara karanta min taken daga farko. Tausayinsa ya kama ni sosai, don yaro ne mai ƙoƙari, kana gani ka san ya kwana yana hadda, amma an ɗora masa kayan da ba nashi ba. Can gaba kaɗan wata yarinya ce da fostar da ba ta da wani ado, ta riƙe littafin rubutunta na makaranta har bangon ya yi laushi da maiƙo, kowane shafi da kwanan wata da ƙidaya da bairo. Da na tambaye ta me yasa rana ta tara babu lamba, tace ranar an yi ruwa ta kasa zuwa, kuma ta rubuta hakan a ƙasan tebur ɗin don kar a ɗauka ta manta. Ita na ba maki mafi yawa a ranar.

Kafin komai ki nemo takardar ƙa'idojin gasar ki karanta da kanki, kar ki dogara da abinda wani ya turo a guruf. Irin waɗannan taruka yawanci kashi biyu suke karɓa. Akwai binciken bayoloji kanshi, wato tsiro, ƙwari, ruwa da sauransu, akwai kuma bincike kan yadda ake koyar da bayoloji, wato me yara suke fahimta, me suke kuskurewa, wace hanyar koyarwa ta fi shiga. Ƙungiyar malaman bayoloji ta Amurka, NABT, wadda aka kafa tun 1938, taronta na shekara shekara yana da zaman fosta na ɗalibai kuma ana raba waɗannan biyun. Mu nan Ghana muna da ƙungiyar GAST ta malaman kimiyya, da Ghana Science Association, kowa da tsarinsa. Ki duba wane kashi yaranki za su shiga, girman fostar da ake so, a tsaye ko a kwance, kalmomi nawa taƙaitaccen bayanin da ake turawa tun farko zai ɗauka, da ranar rufewa. Na ga aiki mai kyau da aka ƙi karɓa saboda an makara da kwana ɗaya kawai.

Yanzu maganar me za su bincika. Shawarata ki ƙanƙanta tambayar har sai ta zama wadda yaro zai iya faɗa da numfashi ɗaya. "Illar gurɓatar muhalli ga lafiyar mutanen Kumasi" ba tambayar bincike bace, wannan ko jami'a sai ta shekara tana yi. Amma "shin garin ganyen darbejiya yana rage ƙwaron wake a ajiya?" kinga wannan yaro zai iya amsawa da hannunsa, kuma kowace mai sayar da wake a Aboabo ko Asawase za ta so jin amsar.

Bari in tsaya kan wannan misalin don in nuna miki inda ake faɗuwa, tunda ni a ganina shi ya fi dacewa da halin da kuke ciki. Ƙwaron wake, wanda a littafi ake kira Callosobruchus maculatus, macen tana manna ƙwanta a jikin ƙwayar wake, zakiga ɗan fari fari kamar an ɗiga gam. Tsutsar tana huda ta shiga ciki ta ci, bayan kamar sati uku zuwa huɗu a irin zafinmu sai babba ya fito ta wannan zagayayyen ramin da kowa ya sani. Kenan abubuwan ƙirgawa guda uku ne kuma duk da ido ake gani, ƙwai a jikin wake, ramuka, da manyan ƙwari da suka fito. Ba ki buƙatar maikiroskof, gilashin ƙara girma na hannu ma ya wadatar.

Kuskure na farko, waken kasuwa sau da yawa ya riga ya zo da ƙwaro a ciki ba'a gani. In ba ku kashe na cikin ba, ba za ku san wanda kuka ƙirga naku bane ko na kasuwa. Sai a saka waken a firiza kamar sati ɗaya, a fito dashi ya sha iska ya bushe, a tsince masu rami da masu ƙwai, sannan a fara. Na biyu, kuma wannan shi ne wanda nake kama yara dashi kullum, murfi. In kika rufe kwalba gam iska ba ta shiga, ƙwarin za su iya mutuwa don rashin iska ko da darbejiya ko babu, ai dabarar buhun ajiyar hatsi na PICS kenan da jami'ar Purdue ta Amurka ta ƙirƙiro, leda biyu a ciki buhu a waje, iskar ta ƙare ƙwaron ya mutu. Toh in yaranki suka rufe gam suka ga ƙwari sun mutu suka ce darbejiya ce, alƙalin da ya san abin zai tambaye su nan take. A rufe bakin kwalbar da ƙyalle mai shara shara a ɗaure da roba.

Na uku shi ne kwantirol, wato kwalaben da ba'a saka musu komai ba, wake da ƙwaro kawai. Babu kwantirol babu bincike, don da me za ki kwatanta? Na huɗu maimaitawa, kuma ki natsu nan sosai. Yara suna zuwa su ce min mun ƙirga wake ɗari biyu, in ce a kwalba nawa, su ce ɗaya. Wannan a wurinmu gwaji ɗaya ne ba ɗari biyu ba, don duk waken kwalba ɗaya suka sha zafi ɗaya, ƙwari ɗaya, in wani abu ya samu kwalbar ya samu duka. Gara kwalba biyar kowacce da wake hamsin da kwalba ɗaya mai wake dubu. A ce kuna da kwantirol, da garin darbejiya kaɗan, da mai yawa, kowanne kwalba biyar, kwalba 15 kenan, nauyin wake iri ɗaya, yawan ƙwari iri ɗaya, ku jera su a cakuɗe kan tebur kar ace duk na darbejiya suna bakin taga na kwantirol suna lungu. Aikin zai ci kamar sati shida, don haka ki ƙirga baya daga ranar rufewa ki ga ko lokaci zai isa.

In wake bai burge su ba akwai tsutsar sauro. Da ludayi da farin roba yaro zai iya ɗebo ruwa daga gota, daga tsohuwar taya, daga ɗan kududdufin ruwan sama, ya ƙirga. Tsutsar Anopheles mai kawo maleriya tana kwanciya a miƙe dab da saman ruwa, ta Culex kuma tana rataye kai ƙasa da ɗan bututun numfashi a wutsiya, ana bambancewa da ido. Yawanci Culex ce ke cika ƙazamar gota, Anopheles ta fi son ruwa mai ɗan tsabta da rana ke dukansa, kuma yara suna mamaki sosai in suka gano haka da kansu a unguwarsu. Sai dai a saka safar hannu, a rufe abin da aka ɗebo kar a ƙyanƙyashe wa makaranta sauro.

Abinda zan hana ki shi ne noman ƙwayoyin cuta. Duk shekara sai an samu masu son auna piya wata, wato ruwan leda, ko abincin bakin titi a faranti na agar, abin da ake noma ƙwayoyin cuta a kai. Wannan aikin yana buƙatar otokilef, wato na'urar kashe ƙwayoyin cuta da tururi, da zai kai digiri 121 na minti 15 don kashe abinda aka noma, da wanda ya san aikin a tsaye a kansu. In ba ki da wannan kar ki fara, lafiyar yaran amana ce a hannunki. Kuma ko an yi a lab mai kyau kar a taɓa rubuta sunan kamfani ko na mai sana'a a fosta, a ce samfur A, samfur B. Da faranti uku ba'a ɓata wa baiwar Allah sana'arta.

Ɗaya kashin kuma, na binciken koyarwa, mutane suna raina shi alhali a taron malamai shi ne yake tara jama'a, don kowane tica a ɗakin matsalarsa ce. Ga misali. Ki tambayi 'yan aji ɗaya, ƙatuwar bishiyar nan ta tsakar makaranta, nauyinta daga ina ya fito? Zakiji da yawa sun ce daga ƙasa, har waɗanda suka haddace lissafin fotosintesis, wato yadda tsiro ke haɗa abincinsa da hasken rana. Tun ƙarni na 17 wani masani mai suna van Helmont ya shuka itace a tukunya shekara biyar, itacen ya ƙaru da kusan kilo 74, ƙasar kuwa abinda ta ragu bai kai giram 60 ba. Shi ya ɗauka ruwa ne kaɗai, daga baya aka gane yawancin busasshen nauyin daga iskar kabon dayoksaid yake. Yaranki za su iya tsara tambayoyi goma, a yi gwaji kafin darasi da bayan darasi, aji ɗaya an koyar da Turanci zalla, ɗayan an ƙara bayani da Hausa ko Twi, a ga bambanci. Amma su faɗi gaskiya a fostar cewa aji biyu ne kawai, ƙila wani ajin dama ya fi wani ƙarfi. Kuma tunda da mutane ake aikin dole a samu izinin hedimasta da na iyaye a rubuce, babu suna, babu hoton fuska. A jami'a ma haka ne, jami'ar KNUST ta nan Kumasi tana da kwamiti na musamman da sai ya amince kafin a yi bincike da ɗan Adam.

Toh ita fostar kanta. Girman da aka fi nema A0 ne, santimita 84.1 da 118.9, wasu kuma A1, 59.4 da 84.1. A PowerPoint ake yi, amma a saita girman shafin tun kafin a rubuta harafi ɗaya, in aka gama a ƙaramin shafi aka ce mai firintin ya buɗa, hotuna za su farfashe. Taken ya zama ana karanta shi daga taku huɗu ko biyar, girman harafin rubutun ciki kar ya gaza lamba 24 a PowerPoint. Kuma rubutun ya zama kaɗan, don Allah kaɗan. Fosta ba littafin furojet bace da aka manna a bango, mutum a tsaye yake, ga hayaniya, ga fosta talatin suna jiransa. Tambaya a sama, hoton kwalaben a jere don a ga yadda aka yi, giraf babba ɗaya ko biyu a tsakiya, sai abinda aka gano a layi uku ko huɗu. Ni na fi son taken da ya faɗi sakamakon kai tsaye da wanda ya ce "nazari kan kaza".

Giraf ɗin kowane gefe a rubuta me yake aunawa da ma'auninsa, a rubuta kwalba nawa ne a kowane rukuni. A nuna matsakaici, a kuma nuna yadda kwalaben suka bambanta da juna, in da hali a ɗiga kowace kwalba a matsayin ɗigo a kan sandar. Ku guji giraf mai tudu irin na 3D da Excel ke bayarwa, da haɗa ja da kore don akwai masu matsalar ido da ba sa bambance su. Lissafin t-test ko kai-sikwaya kuwa, wato gwajin ko bambancin da aka gani na gaske ne ko dace ne kawai, in yaran za su iya bayanin me yake nufi da bakinsu a saka, in ba za su iya ba a bar shi, matsakaici da tazara sun isa a matakin sakandare. Hakanan rubutun da ChatGPT ya yi musu, ana ganewa, don sai ki nuna kalma ɗaya ki ce me take nufi a yi shiru.

Wani abu da nake so ki cusa musu tun yanzu, in darbejiyar ba ta yi aiki ba, wannan ma sakamako ne kuma ana cin gasa dashi. Kar su gyara lamba ko ɗaya. In kwalba ta faɗi ta fashe a rubuta ta fashe. Akwatin da nake fara karantawa a kowace fosta shi ne na abinda aikin bai iya nunawa ba, don nan nake gane ko yaro ya yi tunani.

Wajen bugawa, ku maida fayil ɗin PDF, ku fara buga shi a A4 ku bai wa wani tica da bai san aikin ba ya nemo kuskure. Hotuna kar a tura su ta WhatsApp a matsayin hoto don yana matse su, a tura a matsayin fayil. Masu firintin suna nan da yawa wajen Asafo da Tech Junction, ki tambayi farashi wuri biyu ko uku. Fileks irin na banar biki ya fi juriya kuma ruwa ba ya ɓata shi, sai dai wani yana ƙyalli a ƙarƙashin fitila, ki ce a nuna miki samfur tukuna. A buga saura sati ɗaya, kin san halin wuta, kar ki bari sai daren tafiya. A naɗe ta a saka cikin guntun bututun ruwa na roba, shi ne zai cece ta a cikin motar haya. Ki tafi da fin da salatif naki.

Sai tsayuwa gaban alƙali, wanda a nan ake raba maki da yawa. Kowane yaro cikin ukun ya iya bayanin aikin gaba ɗaya cikin minti biyu zuwa uku, ba wai wannan ya riƙe gabatarwa wancan ya riƙe sakamako ba, don alƙali yana iya zaɓar wanda ya fi shiru ya tambaya. Hanyar da nake bi da nawa, sai in ce su je gida su yi wa kakarsu bayanin da Hausa tukuna. In Hajiya ta gane har ta ce ai mu toka muke sakawa ko barkono, toh sun fahimci aikinsu, kuma ga tambayar bincike na gaba ta basu kyauta. Bayan nan sai a koma Turanci. Yaranmu na zango da yawa ba ilimi ne ya gaza musu ba, tsoron kar Turancinsu ya karye gaban mutane ne, ki gaya musu ba gasar kacici-kacicin kimiyya da lissafi ta NSMQ bace da ake danna ƙararrawa, babu mai ƙirga musu daƙiƙa, kuma babu alƙalin kirki da zai rage maki don lafazi.

Ki tara malamai biyu uku su yi musu tambayoyi masu zafi kafin ranar. Me yasa kwalba biyar? Me yasa ganye ba 'ya'yan darbejiya ba? In za ku sake me za ku canza? Wa wannan zai amfana? Kuma ki koya musu cewa "ba mu gwada wannan ba" amsa ce mai daraja, ta fi kame kame nesa ba kusa ba. Yaranmu an tarbiyyantar dasu da sunkuyar da kai gaban babba, abu ne mai kyau, amma ki nuna musu a wannan wurin ɗaga kai da nuna giraf da yatsa ba rashin kunya bane. Su tsaya a gefen fostar kar su tare ta, littafin ƙidayarsu a hannu, in an yarda su zo da kwalba ɗaya a rufe don mutane su gani.

Ke kuma ƙanwata, ranar ki ja baya. Na san zuciya za ta riƙa tsalle in kika ji an yi tambayar da kin san amsarta yaro yana inda inda, amma da zarar malami ya sa baki alƙali ya gama yanke hukunci. Sunayen yaran su ne a gaba a fostar, naki a ƙarshe a matsayin mai kula da aikin, in wani ya ara muku sikeli ko firiza a gode masa a ƙasa.

Ki zauna dasu wannan satin, kowa ya kawo tambaya uku daga gidansu ko kasuwa ko bakin gota, ku zaɓi ɗaya tare. In kun zaɓa ki rubuto min ita a jimla ɗaya da yawan kwalaben da kuke tunani da ranar rufewar, in sha Allah zan duba tsarin in gaya miki inda alƙali zai iya kama ku tun kafin ku sayi waken. Allah ya basu sa'a, ki gaishe min dasu.